Na'urar Daidaita Lasifika a Ɗakin Haɗa Sauti

Na'urar daidaita lasifika ita ce akwatin da ke tsakanin kwamfutar mai haɗa sauti da lasifikokin da yake saurare da su a sutudiyo. Ba ta taɓa abin da aka naɗa. Abin da ke isa kunnen injiniya kaɗai take sarrafawa.

A tsarin sautin kewaye na 5.1, wanda Dolby Digital ya yaɗa a gidajen sinima tun 1992, lasifika shida ne: uku a gaba, biyu a baya, sai guda na amo mai kauri. Ƙa'idar hukumar ITU ta ajiye na hagu da na dama a digiri 30 daga na tsakiya, na baya kuma a wajen digiri 110. Maɓalli guda ne ke ɗaga su ko rage su tare, don kada ma'auninsu ya goce. Manyan ɗakunan haɗa fim kan tsayar da lasifikokin gaba a desibel 85. Ƙananan ɗakuna kan sauko zuwa wajen 79.

A ƙasar nan, maɓallin da ya fi cancantar kulawa shi ne na tattara sautin duka zuwa lasifika ɗaya. Waƙar da aka haɗa a Kano, a wayar hannu ko ƙaramar rediyo za a fi jin ta a kasuwar Birnin Kudu ko Gwaram. Idan sautin hagu da na dama suka saɓa, soke juna suke yi da zarar an haɗe su, sai wani kiɗan ya dushe ko ya ɓace. Injiniya kan danna maɓallin, ya gyara, kafin waƙar ta fita.