Orijina, sabon bugu da jabu: tarihin mutum-mutumin da ke rikiɗa ya koma mota

Yau ba maganar kuɗin makaranta ko wahalar motar Bosso zuwa Gidan Kwano na zo da ita ba. Maganar kayan wasa ce, irin mutum-mutumin nan da ake lanƙwasawa ya koma mota ko jirgi. Na san wani zai ce gardi da gemu ya rasa abin rubutu sai wasan yara. To a yi haƙuri a karanta. Ina tara su ne kaɗan-kaɗan daga wajen 'yan gwanjo, yanzu ina da guda tara a kwali, kuma duk wanda ya gani tambayarsa ɗaya ce: orijina ne ko ɗan China? Amsar ta fi ƙarfin e ko a'a. Abin da duniya ke kira orijina shi kansa sabon bugu ne, kuma kowane bugu yana ɗauke da tarihin zamaninsa a jikinsa, in dai mutum ya iya dubawa.

Mu fara da abin da ya fi kusa da mu. Yayyenmu da ƙannen iyayenmu da suka tashi a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 sun san Voltron. A lokacin tashar NTA sai wajen ƙarfe huɗu na yamma take buɗewa, yaran unguwa su taru a gidan da ke da talabijin, su kalli zakuna biyar, baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, suna haɗewa su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya. Shirin ya shiga jinin 'yan Najeriya har sunan ya zama karin magana. Yau in mutum ya cika shiga faɗan da ba nasa ba a soshiyal midiya yana kare wani, sai ka ji an ce ai voltron ɗinsa ne. Amma Voltron ɗin ba asali ba ne. Shirin Japan ne mai suna GoLion wanda kamfanin Toei ya yi a 1981. Wani kamfanin Amurka, World Events Productions, ya saya, ya yanke wuraren zubar da jini, ya sauya sunaye da muryoyi, ya fitar a 1984. Abin da ya iso mana gyararren kwafi ne tun daga tushe.

Labarin Transformers ma haka yake, har ya fi. A 1980 kamfanin Takara na Japan ya fara sayar da wasu kayan wasa masu suna Diaclone, daga baya ya ƙara da wasu masu suna Micro Change. A 1983, shekarar da aka kafa jami'armu ta FUT Minna, mutanen kamfanin Hasbro na Amurka suka gan su a baje kolin kayan wasa na Tokyo. Suka sayi izinin sayarwa, suka haɗa kayan biyu wuri ɗaya, suka ba kamfanin Marvel aikin ƙirƙiro musu labari da sunaye. Wani marubuci, Bob Budiansky, shi ya raɗa wa yawancinsu suna, har da Megatron. A 1984 aka fitar da su da sunan Transformers, tare da katun a talabijin wanda a gaskiya doguwar talla ce.

Shaidar hakan tana jikin kayan. In ka buɗe ƙirjin Optimus Prime na 1984 za ka tarar da kujerun direba. Me mutum-mutumi mai rai zai yi da direba? A Japan sunansa Battle Convoy, inji ne da wasu 'yan ƙananan mutane na roba ke tuƙawa. Hasbro ta cire mutanen, kujerun suka zauna. Haka Soundwave da ke komawa rediyon kaset, da Megatron da ke komawa bindigar Walther P38, daga Micro Change suka fito, inda aka ƙera su a matsayin kayan gida da ke rikiɗa. Shi ya sa girmansu bai dace da na motocin ba. Wato wanda masu tarawa ke kira bugun farko, suna zuba masa dala, tuni ya kasance bugu na biyu.

To me ya sa katun ya iso mana amma kayan wasan ba su iso ba? A duba shekarun. A 1984 Najeriya na cikin tsuke bakin aljihu, shigo da kaya sai da lasisi, mutane na layin madara da sabulu. A 1986 gwamnatin Janar Babangida, ɗan garin nan namu, ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, bayan a da tana kafaɗa da kafaɗa da dala. Magidancin da ke fama da buhun masara ba zai sayi zakin ƙarfe daga waje ba. Sai 'ya'yan manyan ma'aikata da masu zuwa Landan ne suka taɓa riƙe irinsu. Sauran yara suka koma ga abin da suka iya: motar kara, motar langa-langa, motar waya mai dogon sitiyari, taya kuma daga tsohon silifa. Wannan matsin ne kuma ya ƙara wa kasuwar gwanjo ƙarfi, kuma ta cikin dilar gwanjo ne kayan wasan yaran Turai da Amurka suka riƙa isowa, bayan masu su sun girma, galibi hannu ɗaya ya ɓalle ko bindigar ta ɓace. Yawancinmu kuwa 'yan wannan zamani ta fim ɗin 2007 muka san Transformers, a faifan nan mai fim goma a ciki.

Yanzu ga maganar sabon bugu. Kayan wasan roba ana yin su ne da ƙarfen zubi, wanda 'yan injiniya ke kira mol. Kamar abin buga bulo ne, sai dai na ƙarfe mai tauri, ana tura narkakkiyar roba a ciki da ƙarfi. Shi ne mafi tsada a duk aikin. In kamfani yana da shi a ajiye, zai iya sake buga kayan bayan shekara ashirin. Da yaran 1984 suka girma suka fara ɗaukar albashi, kamfanonin suka gane akwai kasuwa. A 2002 Takara ta fara wani jeri na sake bugu a kwalaye masu buɗewa kamar littafi, Hasbro ma ta fara nata a shagunan Toys R Us. A 2007, bayan Takara ta haɗe da Tomy, aka fito da jerin Encore. A 2018 kuma aka sake wani a shagunan Walmart, cikin kwalaye masu kama da na da.

Inda abin ke da daɗi shi ne in ka jera su kusa da juna, ba sa zama ɗaya. Optimus na 1984 yana da dogayen bututun hayaƙi biyu a kafaɗa. Wanda Hasbro ta sake bugawa a 2002 an gajarce su, saboda dokokin kare yara sun ƙara tsauri. 'Yan makamai masu linzami da jiragen ke harbawa kuma aka ƙara musu tsayi don kada yaro ya haɗiye. Megatron ya fi kowa shan wahala. A 1988 Amurka ta yi dokar cewa bindigar wasa sai an sa mata alamar ruwan lemo a baki, saboda ana rikita ta da ta gaske. Da aka dawo da shi a 1993 sai aka mayar da shi tankar yaƙi koriya. Siffarsa ta bindiga kuwa a Japan aka ci gaba da sake buga ta. Shi kuma Soundwave, a 1987 an gyara ƙarfen zubinsa a Japan don ƙofar ƙirjinsa ta ɗauki kaset biyu, don haka wanda Hasbro ta sake fitarwa a 2007 ƙirjinsa ya fi na 1984 tudu. Akwai ma wanda ba a sake bugawa ba gaba ɗaya, wato Jetfire, domin ainihinsa jirgin shirin Macross ne na wani kamfani daban, kuma haƙƙin mallakarsa ba ya hannun Takara.

Voltron ma yana da nasa. Zakunan ƙarfe da kamfanin Matchbox ya sayar a Amurka daga ƙirar Popy ta Japan suke. A 1986 aka janye waɗanda aka yi a Taiwan daga kasuwa saboda an sami dalma a fentinsu. Don haka tsufan abu ba ya nufin ya fi kyau ko ya fi aminci, musamman in akwai ƙaramin yaro a gida mai kai komai baki. Daga baya kamfanoni da dama sun sake fitar da shi, har Lego ta yi nata a 2018 mai gutsattsari 2,321.

Sai jabu, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu. Shi ma tsoho ne. Tun 1985 Hasbro ta fara manna wata 'yar baƙar takarda a jikin kayanta, in ka murza da yatsa ɗumin jikinka ya fito da tambarin, don a bambance nata da na masu kwaikwayo. Ba a daɗe ba masu kwaikwayon suka kwaikwayi takardar ma. Yau yawancin kayan wasan roba masu araha da kuke gani lokacin sallah a Kasuwar Kure, ko a Ƙofar Wambai ta Kano, daga China suke, kuma babbar cibiyar wannan sana'a ita ce yankin Chenghai a birnin Shantou. Amma a lura, kalmar ɗan China ba ta raba gardama. Sabon bugu na gaske ma a China aka daɗe ana yin sa, daga baya aka koma Biyetnam. Bambancin shi ne wa ke riƙe da ƙarfen zubi na ainihi, wa kuma ya auna kayan da aka gama ya sassaƙa nasa.

Ga yadda nake duba nawa. Da farko hatimin da ke jiki, a ƙarƙashin ƙafa ko a baya: sunan kamfani, shekara da ƙasa. Shekarar da ke jiki ta ƙira ce, ba ta ranar bugawa ba, don haka ganin 1984 bai isa hujja ba. A sabon bugu sau da yawa za ka ga an shafe sunan Japan an sa wata ƙasa. Na biyu nauyi, domin na da suna da ƙarfe a ƙirji ko ƙafa da tayoyin roba mai laushi, yawancin jabun da ke iso mana kuwa fayau suke kamar ludayin roba. Na uku kaifin zane. Kwafin kwafi kullum layukansa sun dushe, fuska ta yi kamar an shafe ta, gaɓoɓi ko dai sun yi sako-sako ko sun ƙi motsi. Shi ma ƙarfen zubi na gaske yana cinyewa da yawan aiki, shi ya sa wani sabon bugun bai kai na farko tsaf-tsaf ba. Na huɗu launi. Farar roba in ta shekara da yawa tana komawa ruwan ɗorawa, ballantana a ranar Minna. Wanda ya ce maka abu ya shekara arba'in amma fari ƙal yake, kwalinsa ko lanƙwasa babu, to ka riƙe kuɗinka. Masu talla a intanet sun gane kalmar orijina tana buɗe aljihu, kuma kuɗin ɗalibi ba na wasa ba ne.

Ni dai a kwalina akwai duka ukun, kuma ban raina ko ɗaya ba. Jabun ma tarihi ne, domin shi ne abin da aljihun iyayenmu ya iya kawowa gida ranar sallah. Abin da ke damuna daban ne. Japan za ta iya sake buga abin wasan 1983 saboda wani ya ajiye ƙarfen zubi da zanen ƙira. Motar karan da yaro ya yi a Bosso ko Kontagora a wannan shekarar fa? Gara ta cinye ta kafin damina ta ƙare. Ba zane, ba awo, galibi ko hoto babu. Alhali akwai ilimi a cikinta: yadda ake feƙe ɓawon kara a soke shi a cikin totuwa ya riƙe ba tare da ƙusa ba, yadda ake haɗa sitiyarin waya ya juya tayoyin gaba, yadda ake yanka gwangwani a lanƙwasa bakinsa kada ya yanki hannu. Waɗanda suka iya yanzu sun haura shekara arba'in, ƙannenmu kuma waya ce a hannunsu. Ƙirar tana cikin kan mutane ne kawai, kuma kai ba ya ajiyuwa a sito.

Muna jami'ar fasaha, muna da sashen Mechatronics da na Mechanical, muna koyon zane a kwamfuta. Abin da ya sa tirela ke komawa mutum ba siddabaru ba ne, maɗaukai ne da gaɓoɓi da awo na milimita, irin wanda ake koya mana a aji. Don haka ga roƙona. In an tafi hutu, a nemi wani kawu ko yaya da ya iya motar kara ko ta langa-langa, a saya masa lemo, a ce ya yi guda ɗaya. A ɗauki hoton kowane mataki, a auna, a rubuta sunan da suke kiran kowane sashe da sunan garin, domin ta Bida ba lallai ta zama irin ta Katsina ba. In mun dawo sai mu jera su mu kwatanta, kamar yadda masu tara Optimus ke kwatanta nasu. Wanda kuma yake da tsohon mutum-mutumi a gida, ko da hannu ɗaya ne ya rage, ya turo hoton hatimin mu duba tare.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mayar da kowa gida lafiya.