Tsohuwar Kwamfutar Wasa: A Sauya Mata Kaya Ko A Sayi Sabuwa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Ya ce shekaru biyar da suka wuce ya sayi kwamfutar tebur ta hannu don rubuta lissafin buhunan da ke shiga da fita. Yanzu ɗansa ya matsa masa lamba, wai ta tsufa, ba ta iya ɗaukar wasannin da abokansa ke yi, sai dai a sayi sabuwa. Da ya tambayi kuɗin sabuwar sai ya ji abin ya kai ribar kaka guda. Shi ne yake so a ba shi tarihin al'amarin: shin tun asali yar da kwamfuta ake yi in ta tsufa, ko kuwa ana sauya mata kaya kamar yadda ake yi wa babur da injin niƙa?

To Malam, kai da duk mai karatun da irin wannan magana ta taso a gidansa, ita kwamfutar tebur tun ran gini aka yi mata zane a kan a riƙa buɗe ta ana sauya kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda abin ya faro.

A ranar 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, mafi araharta a kan dala 1,565. Da yake ƙananan kamfanoni irin su Apple sun riga shi shiga kasuwar, sai aka ba wasu injiniyoyi a jihar Fulorida, ƙarƙashin wani mai suna Don Estridge, kimanin shekara guda su gama aikin. Lokaci ya ƙure, ba halin su ƙera kome da kansu. Saboda haka suka sayo ƙwaƙwalwar na'urar, watau firosesa, daga kamfanin Intel, manhajar da ke tafiyar da ita kuma daga Microsoft. A jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod, suka bar gurabe biyar inda mai ita zai iya soka ƙarin kati. Har suka buga littafi mai ɗauke da zanen yadda aka haɗa ta, kowa na iya saye. Wurin riƙe aiki na wannan na'ura, wato ram, kilobait 16 ne kacal. Hoto guda da kake ɗauka da wayarka ya ninka haka sau ɗari.

Wannan gaggawa ta IBM ita ta zama gatan mai ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Compaq ya fito da irin tata a 1983, wasu suka biyo baya, masana'antun Taiwan suka duƙufa ƙera kayayyaki, farashi ya yi ta sauka. A 1987 IBM ya so ya rufe ƙofar da ya buɗe, ya fito da sabon samfuri mai gurabe irin nasa shi kaɗai, wanda sai an biya shi kafin a kwaikwaya. Sauran kamfanonin suka ƙi, masu saye suka bi su. Daga ƙarshe, a 2005, IBM ya sayar da sashensa na kwamfutar tebur ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin.

Su kuwa masu wasa, su ne suka fi kowa cin moriyar guraben nan. Kwamfutar farko ba ta da wata murya sai ɗan ƙara kamar na tsanya. A 1987 wani kamfanin Kanada mai suna AdLib ya fito da katin sauti, a 1989 kuma kamfanin Creative na Singafo ya kawo nasa mai suna Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa. Mutum ya kwance murfi, ya soka kati, sai ga na'urar lissafin ofis tana kiɗa tana magana.

Daga nan sai wasanni suka fara jan kasuwa. A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Tekzas, id Software, ya saki wasan Doom, wanda ke bukatar ram megabait 4. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara sanin ana sayen ram a ƙara. A 1996 kamfanin ya sake fito da Quake, shi kuma sai da firosesa Pentium yake tafiya sosai. A ƙarshen wannan shekara ne kamfanin 3dfx ya kawo katin hoto mai suna Voodoo, a kan kimanin dala 300. Aikinsa guda ne, zana hoton wasa, ya sauke wa firosesa wannan nauyi. Wanda ya sa shi a kwamfutar da yake da ita sai ya ga wasa ya fi kyau da santsi a kan na maƙwabcinsa da ya kashe dubbai ya sayi sabuwa marar katin. Tun daga ranar aka gane cewa a harkar wasa katin hoto shi ne sa mai jan garma. Shi kansa 3dfx bai daɗe ba, a ƙarshen shekarar 2000 ya sayar da kadarorinsa ga abokin gasarsa Nvidia, wanda ya fito da GeForce 256 a 1999.

Akwai kuma wani labari da tsofaffin masu harkar ba sa mantawa. A 1998 Intel ya yi firosesa mai araha, Celeron 300A, don masu ƙaramin ƙarfi. Sai aka gano cewa in an sauya saiti guda a madabod, saurinta na tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai 450, wadda ta ninka ta kuɗi fiye da sau uku. Mai sani ya biya kaɗan, marar sani ya biya da yawa, wasansu kuwa ɗaya.

Sai dai a waɗannan shekaru kwamfuta na tsufa da wuri ƙwarai. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya yi hasashe a 1965, ya gyara shi a 1975, cewa yawan ƙananan makunnan da ke cikin firosesa zai riƙa ninkawa duk bayan shekara biyu. Haka kuwa aka yi, har ta kai na'urar shekara uku ta zama tsohuwa tukuf. Amma wajen 2004 sai zafi ya taka wa abin birki. Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8, don in an ƙara sauri sai ta ci wuta ta yi zafin da ba a iya sanyayawa. Daga 2005 kamfanoni suka koma sa ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a firosesa guda. Wannan ya sa tsufan ya rage gudu. Alal misali, firosesa Core i5-2500K da ta fito a farkon 2011, mutane sun yi shekara shida, bakwai suna wasa da ita, katin hoto kawai suke sauyawa.

Nan ne wata dabara ta samo asali wadda ta shafe ka kai tsaye, Malam. Ofisoshin Turai da Amurka kan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin kuma su shiga kasuwar kayan hannu, wasu har su iso Legas, kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can su hauro arewa. Irin waɗannan na'urori suna da firosesa mai kyau amma ba katin hoto, akwatin wutarsu kuma ƙarami ne. Sai Nvidia ya yi katuna masu cin wuta kaɗan, da ba su wuce wat 75 ba: GTX 750 Ti a 2014, GTX 1050 Ti a 2016, GTX 1650 a 2019. Yawancinsu ba sa neman wata wayar wuta dabam, daga gurbin suke sha. Ɗalibai a ƙasashe da dama sun mai da kwamfutar ofis ta wasa ta wannan hanya.

Kazalika kamfanin AMD ya fito da wani mazaunin firosesa mai suna AM4 a 2016, ya daɗe yana yi masa sababbin kaya. A 2020 ya so ya hana tsofaffin madabod karɓar sababbin firosesa, masu saye suka yi ca, ya janye. Wanda ya sayi madabod a 2017, da yawansu sun iya ɗora firosesar 2022 mai suna Ryzen 7 5800X3D a kai, bayan an sabunta ƴar manhajar da ke cikin allon.

Amma fa gyara na da iyaka, iyakar kuwa madabod ce. Gurbin katin hoto na AGP da aka fara a 1997 an maye shi da PCI Express daga 2004. Ram ma iri-iri ce: DDR3 daga 2007, DDR4 daga 2014, DDR5 daga 2021, kuma ko wacce da inda aka yi mata tsaga, ba ta shiga gurbin wata. Ran da ka ga sai an sauya madabod, to firosesa da ram za su bi ta, ka sayi sabuwa ke nan a tsohon akwati. Manhaja ita ma tana yanke hukunci. Dandalin sayar da wasanni na Steam ya daina aiki da Windows 7 da 8 a farkon 2024. Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana neman firosesar Intel ta zubi na 8, wato ta 2017, ko wadda ta biyo baya.

To me tarihin nan ya koya maka? Kafin ka fid da ko sisi, ka tafi da yaron wurin mai gyara, zuwa da kai ya fi saƙo. A buɗe na'urar a gabanka, a gaya maka sunan firosesa da shekararta, yawan ram, da ƙarfin akwatin wuta. Ka kuma tambayi yaron sunan wasan da yake so, don kowane wasa akan rubuta mafi ƙarancin abin da yake bukata. In kwamfutar na jinkirin tashi da buɗe abubuwa, laifin tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, a sa mata SSD. In tana sarƙewa idan an buɗe abu biyu, a kai ram gigabait 8, in da hali 16. In hoton wasa ne ke tsalle-tsalle, katin hoto take so, kuma a auna akwatin tukuna, don sirara sai gajeren kati. Ka sa a hure mata ƙura a sauya man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya ta, domin ƙurar hunturu da zafin bazara kan sa na'ura ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mai ita ya zaci tsufa ne. In kuwa firosesar ta haura shekara goma, ko kuɗin kayan da za a sauya ya kusa kai na wata ta hannu mai sabon zubi, ka bar ta a kan lissafin buhuna, a tara kuɗi sannu a hankali. Wannan duk maganar ta tebur ce. Ta tafi-da-gidanka, katin hotonta a like yake, ram da faifai kaɗai ake iya taɓawa, wasu ma ko ram ɗin ba ta cirowa.

Gargaɗi guda game da katin hoto na hannu. A 2021 katuna sun yi tsada ƙwarai saboda masu haƙar kuɗin intanet sun kwashe su. Da kuɗin Ethereum ya bar wannan tsari a Satumba 2022, sai suka zubo su kasuwa, bayan sun yi aiki dare da rana. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji. Kada ka yi cinikin biri a sama. A soka katin a taka na'urar, a kunna wasa ya yi rabin sa'a kana kallo, kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa kafin ka biya. Ka haɗa da na'urar daidaita wuta, don ɗaukewa da dawowar lantarki ba sa barin sabo balle tsoho.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, shi da ɗan nasa. Masu wata tambayar sai su aiko, mu haɗu a fitowa ta gaba.