Fasali a kan Jabru da Muƙabala, da mas'alar gero da dawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗalibi, wannan fanni Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ne ya tsara shi a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara 820 ta Miladiyya. Ya wallafa littafinsa saboda bukatar mutane cikin gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa. Bayansa Abu Kamil na Masar ya faɗaɗa shi. Ƙasarmu ma ba ta rasa masu hisabi ba, domin Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi littafin wafaƙi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ni kuwa na raina fannin, ina ce masa aikin 'yan kasuwa, har wata rana wani manomi ya iske ni a zaure kusa da rijiyar Kusugu. Ya ce ya sayar da amfanin gonarsa, gero da dawa, sa'i 500, aka juye su wuri guda kafin ya fitar da zakka. Gero sa'i naira 600, dawa 400, ya karɓi 264,000. Nawa ke kansa?

Na yi gaggawa na ce ushurin duka, sa'i 50. Kuskure ne, Allah ya gafarta mini. A Risala gero jinsi ne, dawa jinsi ce, ba a haɗa su a cika nisabi, wato wusƙi 5, sa'i 300.

Da dare na koma ga hanyar Alhawarizmi. Ka kira geron shai'i, abin da ba a sani ba. Dawa ta zama 500 ban da shai'i. Kuɗin gero shai'i 600, kuɗin dawa 200,000 ban da shai'i 400, jimlarsu 264,000. Jabru, ma'anarsa ɗori, kamar na ƙashi: ka ƙara shai'i 400 a ɓangare biyu, ragin ya tafi. Muƙabala: ka zubar da abin da ya yi kama a ɓangarorin. Saura shai'i 200 daidai da 64,000. Shai'i 320 ke nan.

Gero 320, ya kai nisabi, zakkarsa sa'i 32 tunda ruwan sama ya shayar da shi. Dawa 180, babu kome a kanta. Da na ɗora masa sa'i 18 da shari'a ba ta ɗora ba. Bayan sallar asuba na aika almajiri ya kira shi.

Wallahu a'alamu. Tammat.