Husufin rana: daga sararin Gusau da Katsina zuwa ƙanƙarar Girinlan

A ranar Laraba 29 ga watan Maris na 2006, kwanaki kaɗan bayan kammala ƙidayar jama'a ta ƙasa, inuwar wata ta shigo Najeriya ta iyakar Jamhuriyar Benin da misalin ƙarfe 10:20 na safe. Ta bi ta kan Shaki a jihar Oyo, ta haura arewa maso gabas ta lulluɓe Gusau da Katsina, kafin ƙarfe 10:40 kuma tsakiyarta ta tsallaka Nijar ta wajen Maraɗi. Faɗinta ya kusa kilomita 190. Waɗanda ke tsakiyar hanyarta sun yi kusan minti huɗu cikin duhu da hantsi. A Azare da Katagum da Dagauda ta ƙaramar hukumar Dambam, waɗanda ke gabas da wannan hanya, wata ya rufe mafi yawan fuskar rana amma ya bar sille, don haka haske ya dusashe ne kawai, dare bai yi ba.

Wannan abu da Zamfarawa da Katsinawa suka gani kyauta daga ƙofar gida, shi ne masu hali daga ƙasashen duniya ke biyan maƙudan kuɗi su shiga jirgin ruwa zuwa ƙuryar arewacin duniya domin su gani a ranar 12 ga Agustan 2026, kuma rabonsu bai wuce minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba.

Yadda husufi ke aukuwa

Husufin rana, wanda littattafan fiƙihu ke kira kisfewar rana, yana aukuwa ne idan wata ya gifta tsakanin rana da duniya har inuwarsa ta faɗo a doron ƙasa. Rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, sai dai kuma ta ninka shi nisa kusan sau 400: wata na tazarar kimanin kilomita 384,400 daga gare mu, rana kuwa kimanin kilomita miliyan 150. Shi ya sa idon mai kallo ke ganin su kusan girma ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babban ruf.

Ba ya aukuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓuya, kamar yadda husufin wata, wanda Hausawa ke kira zazzaɓin wata, ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata. Dalilin da ya sa ba a yin sa kowane wata shi ne hanyar da wata ke bi ta karkata da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana, saboda haka galibi inuwar kan wuce ta sama ko ta ƙasa. A shekara akan samu husufin rana sau biyu zuwa biyar, amma cikakke, wanda ke kawo duhu, yakan zo ne kusan sau ɗaya a wata 18 a wani siririn yanki na duniya. Gari guda kan jira kimanin shekara 375, a matsakaicin lissafi, kafin ya sake ganinsa. Komai tsawonsa kuma ba ya wuce minti bakwai da rabi.

Lissafinsa tsoho ne. Masana taurari na Babila sun gano cewa kowane husufi na da ɗan'uwa da ke biyo shi bayan shekara 18 da kwana 11 da kusan awa 8. Waɗannan awanni takwas su ne ke matsar da shi yamma da kashi ɗaya cikin uku na kewayen duniya. Ɗan'uwan husufin Gusau da Katsina shi ne wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada a ranar 8 ga Afrilun 2024.

Sahara ma ta taɓa zama matattarar masana. A ranar 30 ga Yunin 1973 an yi husufin da ya ɗan haura minti bakwai, ɗaya daga cikin mafi tsawo a ƙarni na 20, kuma ƙololuwarsa ta faɗa ne a arewacin Nijar. A ranar masu bincike suka bi inuwar cikin jirgin Concorde mai gudun da ya zarce sauti, suka zauna cikin duhunta minti 74, sannan suka sauka a babban birnin Chadi.

Abin da ke kai mutane yankin Aktik

Inuwar 12 ga Agustan 2026 za ta taso ne daga arewacin Rasha, ta wuce kusa da ƙuryar arewa ta duniya, ta gangaro ta gabashin tsibirin Girinlan da yammacin Ayislan, har da babban birninta Reykjavik, ta ratsa arewacin Sifaniya dab da faɗuwar rana. Mafi tsawonta minti 2 ne da daƙiƙa 18, a teku kusa da gaɓar Ayislan, da misalin ƙarfe 6:46 na yamma agogon Najeriya, wato daidai lokacin da ladanan Azare ke kiran Magariba. Kafin ta isa Sifaniya rana ta riga ta faɗi a jihar Bauchi, don haka mutumin Dagauda ba shi da abin da zai ɗaga kai ya nema a wannan rana.

Wurin da jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido suka fi nufa shi ne Scoresby Sund, wani katafaren mashigin teku mai rassa a gabashin Girinlan, wanda ya samo sunansa daga Baturen Ingila William Scoresby da ya zana taswirar gaɓar a 1822. Jirgi ya fi tudu amfani a nan, domin babu hanyar mota da ta haɗa garuruwan Girinlan, kuma matuƙi na iya guje wa gajimare ya nemi inda sama ta washe. Jiragen kan ratsa tsakanin duwatsun ƙanƙara masu yawo a ruwa, su sauke fasinjoji a gaɓa da ƙananan kwale-kwalen roba. A arewa da mashigin ne gandun dajin arewa maso gabashin Girinlan yake, wanda aka kafa a 1974. Girmansa murabba'in kilomita 972,000, ya fi Najeriya baki ɗayanta, kuma babu gari ko ɗaya a cikinsa. Akwai farar beyar da ke farauta a kan ƙanƙara, da wata dabba mai kama da ɓauna wadda gashinta ke jan ƙasa, da wata halittar teku mai haure guda ɗaya dogo kamar mashi.

Masu ƙasar su ne Inuwit, al'ummar da yawanta ya kai kimanin 180,000 a Girinlan da Kanada da Alaska da gabashin Rasha. Su ne mafi rinjaye cikin mutanen Girinlan kimanin 57,000, waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Danmak amma suke gudanar da harkokinsu na cikin gida tun 1979, aka kuma faɗaɗa musu ikon a 2009. A bakin mashigin akwai ƙauyen Ittoqqortoormiit da aka kafa a 1925, mai mutane 'yan ɗaruruwa, inda teku ke daskarewa mafi yawan shekara, farauta kuma ita ce ginshiƙin rayuwa. Jirgi guda na iya sauke baƙin da suka kai rabin mutanen ƙauyen cikin awa ɗaya. Baƙin na kawo ciniki ga masu sassaƙa da 'yan rakiya, amma mafarauta na da hujjar damuwa da ƙarar injuna a ruwan da suke nema wa iyalansu abinci, a yankin da wani binciken 2022 ya nuna yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. Duk wanda ya san halin da makiyayi ke shiga idan burtali ya toshe zai fahimci wannan damuwa ba tare da dogon bayani ba.

A tatsuniyoyin Inuwit rana mace ce, wata kuma ɗan'uwanta ne namiji da ke bin ta a sararin sama. Harshen Hausa ma haka ya raba musu jinsi, sai dai a bakin Bahaushe rana ce ke kama wata.

Tsoro, salla da Larabgana

A al'adar ƙasar Hausa idan wata ya yi zazzaɓi yara kan fito suna kaɗa gwangwanaye da ganguna suna roƙon rana ta saki wata. Al'adar ta daɗe a wannan yanki na Afirka: Richard da John Lander, Turawan da suka bi kogin Kwara zuwa teku, sun rubuta irin wannan kiɗa da firgici da suka gani a Busa a daren husufin wata na Satumban 1830.

Ba kullum abin ke tsayawa a kiɗan yara ba. A watan Janairun 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun far wa otel-otel da mashaya suna cewa zunubin da ake aikatawa a cikinsu ne ya jawo shi. An yi asarar dukiya a kan abin da masana suka san daren zuwansa shekaru da dama kafin a haifi matasan. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomi da malamai suka dage da wayar da kan jama'a kafin husufin 2006.

Akwai kuma wani abin da ya sa ranar ta 2006 ta zo da nauyi: ta dace da Larabar ƙarshe ta watan Safar na 1427, ranar da ake kira Larabgana, wadda wasu ke camfawa da saukar bala'i, ko da yake malamai da dama sun yi watsi da wannan camfi. Husufin 12 ga Agustan 2026 ma ranar Laraba ne, a ƙarshen Safar na 1448. Dacewar lissafi ce zalla: tsakanin ranakun biyu akwai shekara 21 cif ta Hijira, wato kwana 7,441, adadin da ya kasu mako 1,063 ba saura.

Musulunci ya yanke wannan magana tun farko. Rana ta kisfe a Madina a ranar da Ibrahim, ɗan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, wadda masana taurari suka lissafa ta dace da 27 ga Janairun 632. Da mutane suka alaƙanta abubuwan biyu, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a da sadaka. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda almajirai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, sallar kisfewar rana raka'a biyu ce cikin jam'i, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, da dogon karatu a asirce, ba kiran salla ba iƙama. Lokacinta daga ɗagowar rana zuwa zawali. Ta husufin wata kuwa kowa kan yi tasa shi kaɗai, kamar sauran nafilfili.

Ido

Haɗarin da ke cikin husufi na gaske a ido yake, kuma ya fi yawa a garuruwa irin su Dagauda da ke ganin ɓangare. Muddin sillen rana na waje, haskensa na iya ƙona tantanin da ke can bayan ido. Tantanin ba ya jin zafi, saboda haka yaro zai iya ƙura wa rana ido ba tare da ya san yana cutuwa ba, sai bayan awanni ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, tabon kuma wani lokaci ba ya gushewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Kallon rana a cikin kwanon ruwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka dabara ce, shi ma ba kariya ba ne. Tabarau na musamman mai lambar inganci ISO 12312-2 ne kaɗai aka amince da shi.

Wanda ba shi da shi yana da hanya mai sauƙi. Ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya ratsa hudar ya faɗa kan farar takarda, zai ga siffar rana da yadda wata ke cin ta. Matsamin taliya mai huji-huji na yin wannan aiki. Ko ƙarƙashin bishiyar dalbejiya mutum ya tsaya, zai ga ɗigon hasken da ke ratsa ganye sun koma ƙananan jinjirin wata a ƙasa.

Masu zuwa

A ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 inuwar wata za ta ratsa kudancin Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, inda za ta kai minti 6 da daƙiƙa 23 kusa da Luxor, sannan ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka da tsakar rana. Duk wanda ke Umara a ranar zai ga duhu a kan Harami na kusan minti biyar. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ɓangare za a gani da hantsi, idan gajimaren tsakiyar damina ya bari.

Cikakken husufi zai dawo Najeriya a ranar Litinin 20 ga Maris na 2034. Inuwar za ta shigo ta Legas da hantsi, ta ratsa ƙasar zuwa Kamaru da Chadi, inda za ta kai minti 4 da daƙiƙa 9, ta wuce Sudan da Masar da Saudiyya da Kuwait da Iran. Wannan karon a cikin bazara ne, lokacin da sararin jihar Bauchi kan kasance babu hadari, sai dai ragowar ƙurar hunturu. Yaron da aka haifa a Dagauda a ranar husufin 2006 zai kasance saura masa kwana tara ya cika shekara 28.