Kalsiyam da alkalinti a tankin murjani

Kalsiyam da alkalinti su ne abubuwa biyu da masu kiwon murjani suka fi aunawa a cikin ruwan tankinsu. Tankin murjani akwatin gilashi ne da ake cika wa da ruwan gishiri domin kiwon murjani mai rai tare da kifin teku. Murjanin da ake nufi a nan ba jan murjanin Tekun Bahar Rum ba ne da ake yin duwatsun wuya da shi. Danginsa ne na tekuna masu ɗumi, irin su Acropora da Montipora, waɗanda ke gina ƙwarangwal mai tauri daga sinadaran da suke ja a cikin ruwa. A teku ruwa yana da yawa, kuma yana sabuntuwa kullum. A cikin tanki kuwa, duk abin da murjani ya ja sai mai tankin ya mayar, in ba haka ba girma ya tsaya, tsokar murjanin ta fara saɓulewa.

Ma'auni

Ruwan teku mai gishiri giram 35 a kowane kilo yana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 420 a lita, da maganisiyam kusan 1,300. Alkalinti shi ne ƙarfin ruwa na shanye asid ba tare da ma'aunin pH ɗinsa ya faɗi ba, kuma mafi yawansa daga baikabonet da kabonet yake fitowa. Ana auna shi da dKH, ma'auni ne da ya samo asali daga Jamus, ko da meq/L. Meq/L ɗaya daidai yake da dKH 2.8. Na teku yana kusa da dKH 7. Yawancin masu kiwo suna riƙe kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkalinti tsakanin dKH 7 da 11.

Dalilin da alkalinti ya fi saurin faɗuwa

Murjani yana haɗa kalsiyam da baikabonet ya samar da kalsiyam kabonet a siffar aragonait. Jar gansakuka mai tauri da ke lulluɓe duwatsu, da Halimeda, da manyan ƙumba na jinsin Tridacna su ma duk kalsiyam kabonet suke samarwa. Rabon cin ba ya canjawa sosai: duk dKH 2.8 da aka cinye, kalsiyam kusan miligiram 20 a lita ke tafiya da shi. To idan tanki yana kan dKH 7 da kalsiyam 420, ya rasa wannan adadin, alkalinti ya ragu da kashi 40 cikin 100, kalsiyam kuwa bai kai kashi 5 ba. Wannan ne ke yaudarar sababbin masu kiwo. Su gwada kalsiyam su ga lafiya lau, alhali ɗayan ya riga ya zube. Saboda haka alkalinti ake yawan gwadawa, a tankin da ya cika da Acropora har kullum, ta hanyar ɗiga asid a cikin ɗan ruwan tanki har launinsa ya juya.

Tsayuwa wuri ɗaya ta fi lambar kanta muhimmanci. Tankin da ya zauna a dKH 7.5 wata da watanni ya fi wanda ke lilo tsakanin 7 da 10. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada gyara ya wuce kusan dKH 1 a rana. Alkalinti mai yawa a ruwan da ba shi da naitiret da fosfet sosai yakan sa kan rassan Acropora ya yi fari, tsoka ta janye.

Hanyoyin mayarwa

A ƙaramin tanki mai murjani kaɗan, canja wani kaso na ruwan da sabon haɗin gishiri ya wadatar. Idan murjani ya yawaita, sai a koma ga ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce Kalkwasser, kalmar Jamusanci mai nufin ruwan farar ƙasa. Kalsiyam haidiroksaid ne ake narkarwa a ruwan da aka tace, a riƙa ɗigawa a madadin ruwan da ya bi iska. Peter Wilkens na cikin waɗanda suka yaɗa ta a Jamus. Tana ba da kalsiyam da alkalinti a daidai rabon da murjani ke ci, sai dai pH ɗinta ya haura 12, don haka zuba ta lokaci ɗaya haɗari ne. Kuma tana da iyaka: lita ɗaya ba ta narkar da fiye da kusan giram 1.7, ba kuma a iya zuba fiye da ruwan da tankin ya rasa.

Ta biyu ita ce ta kwalabe biyu: kalsiyam kulorayid a ɗaya, sodiyam baikabonet ko sodiyam kabonet a ɗayan. Irin sinadaran da ke cikin kanwa ke nan, amma tsarkakakku. Ba a haɗa su a kwalba ɗaya, ba a kuma zuba su tare a wuri ɗaya, domin nan take za su zama alli. Tanki mai lita 200 da ke rasa dKH 1 a rana yana bukatar kusan giram 6 na baikabonet da giram 5 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu. Abin da ke saura bayan murjani ya ɗauki nasa shi ne sodiyam da kulorayid, wato gishirin miya, wanda ke taruwa a hankali. Hans-Werner Balling ya wallafa maganin wannan a 1994: a ƙara kwalba ta uku mai ɗauke da sauran gishirin teku ban da sodiyam kulorayid, sannan a riƙa rage ruwan tanki ana maye gurbinsa da ruwan daɗi.

Ta uku tukunya ce rufaffiya cike da tsakuwar aragonait. Ana hura mata iskar kabon dayoksaid har pH na ciki ya sauka kusa da 6.5, tsakuwar ta narke, ruwan ya ɗiga cikin tanki. Manyan tankuna sun fi amfani da ita. Aibinta shi ne ragowar iskar tana saukar da pH na tankin, shi ya sa wasu ke haɗa ta da Kalkwasser.

Maganisiyam da daskarewa

Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da kabonet fiye da abin da ya kamata ya iya riƙewa a narke. Maganisiyam na cikin abubuwan da ke hana su daskarewa, domin yana manne wa ƙananan ƙwayoyin alli ya hana su girma. Idan ya yi ƙasa sosai, mai tanki zai yi ta zuba sinadari lambobi ba sa hawa, yashin ƙasa ya dunƙule, farin ɓawo ya rufe famfo da na'urar ɗumama ruwa, tunda kalsiyam kabonet ya fi daskarewa a wuri mai zafi. Haka ma tura kalsiyam da alkalinti sama a lokaci guda yakan sa ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, duka biyun su faɗi ƙasa da inda suke tun farko. A irin wannan hali ana dakatar da zubi, a jira ruwa ya washe, a gyara maganisiyam zuwa tsakanin 1,250 da 1,350, sannan a sake gwaji.