Launin Fata, Jinsi da Ƙidayar Masu Kashe Kansu



A zamanin da Turawan mulki suke zaune a nan Nassarawa, likitocinsu a Afirka sun yi imani da cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, balle har ya kashe kansa. Likita J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari na Nairobi, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953. Farfesa Thomas Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abeokuta yana cikin waɗanda suka ƙaryata shi. A 1962 Tolani Asuni ya binciki takardun hukuma na Jihar Yamma, ya sami ƙasa da mutum 1 cikin 100,000. Amma fa takarda ba ta ɗauke da kowa sai wanda aka kai rahotonsa.

To, a ƙasar Hausa wa ake kai rahotonsa? Addini ya haramta wannan aiki, dangi suna gudun abin kunya, ana kuwa binne mamaci a ranar da ya rasu. Bugu da ƙari, sashe na 231 na dokar Final Kot ta Arewa ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin, alhali Ingila ta soke irin wannan laifi tun 1961. Namijin da ya mutu a kasuwa ko a bariki yana iya shiga littafin 'yan sanda. Yarinyar da aka yi wa auren dole tana cikin kulle, labarinta ba ya wuce zaure.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta 2019 ta rushe zancen Carothers, gama Afirka ce ta fi kowane yanki, da mutum 11 cikin 100,000, maza kuwa 18. A Amurka an daɗe ana ganin fararen maza sun ninka baƙaƙen mata sau da yawa, watau launi da jinsi tare suke aiki, ba a auna ɗaya a bar ɗaya.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Saura aikinku, ku ma'aikata: a tsara rajistar mutuwa ta gaskiya, maza daban, mata daban, a kuma kai mai damuwa asibiti irin na Dawanau maimakon gaban alƙali.