Zaɓen Sandar Fatsa, Kwarkwaro da Zare Domin Kamun Giwan Ruwa

Gabatarwa

Fatsa daɗaɗɗiyar hanya ce ta kamun kifi a ƙasar Kabi da ƙasar Yawuri. Iyayenmu da kakanninmu sun yi ta da sandar gora ko ta tukurwa, da zare da ƙugiya, wasu kuma da zare kaɗai wanda ake naɗewa a jikin itace. A 'yan shekarun nan sandunan fatsa na ƙasashen waje, masu haɗe da kwarkwaron naɗe zare, sun fara shigowa kasuwanninmu, sababbi da na gwanjo, kuma matasa suna ganin yadda ake amfani da su a wayoyinsu. Mun tanadi wannan bayani ne domin masunta da sauran jama'ar karkara, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda akan ɗora wa alhakin sayo kayan sana'a don rabawa.

Abin da muke son mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, kifin da za a kama da irin ruwan da za a shiga su ne ke zaɓen zare, zaren kuma shi ne ke zaɓen kwarkwaro da sanda. Mai saye da yawa yakan fara ne daga sanda saboda ita ce ke ɗaukar ido, sa'annan ya yi arha a zare, alhali zaren ne kaɗai ke tsakaninsa da kifin.

Kifin da aka ƙera kayan dominsa

Kaso mai yawa na waɗannan kaya, da na bayanan fatsa da ake samu a intanet, an tsara su ne domin wani kifin Amurka da ake kira bas. Kifi ne mai farauta, yana laɓewa a cikin ciyawa da gindin itatuwa ya far wa ƙananan kifaye, don haka ɗabi'arsa ta yi kama da ta giwan ruwa. Amma girmansu ba ɗaya ba ne ko kusa. Bas ɗin da aka saba kamawa bai cika wuce kilo 1 zuwa 3 ba. Mafi girman wanda aka tabbatar an kama da fatsa a Amurka, a Jihar Jojiya cikin 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, kuma sai a 2009 aka kama kwatankwacinsa a Tafkin Biwa na ƙasar Japan.

Giwan ruwa kuwa yana iya kaiwa tsawon mita 2. A shekarar 2000 an kama mai nauyin kilo 104 da sandar fatsa a Tafkin Nasar na ƙasar Masar. A nan gida, kifin da ya ci gasa a bikin kamun kifi na Argungu ya kai kilo 75 a 2005, ya kai kilo 78 a 2020, ko da yake a wannan biki, wanda aka fara tun 1934, da homa da gora ake kamawa ba da fatsa ba. Saboda haka sandar da aka ƙera domin bas za ta yi aiki sosai ga karfasa, da tarwaɗa madaidaiciya, da ƙaramin giwan ruwa, amma wanda ya tunkari babban giwan ruwa da ita ya shirya yin asarar zare da ƙugiya, wataƙila har da sandar. Kifin da ya tsinke da ƙugiya a maƙogwaro kuma sau da yawa mutuwa yake yi a ƙarƙashin ruwa, babu wanda ya amfana da shi.

Zare

A jikin kowane ƙunshin zare akan rubuta kaurinsa da milimita, da kuma nauyin da yake ɗauka kafin ya tsinke. Wani lokaci da kilo ake rubutawa, wani lokaci kuma da ma'aunin Turawa mai alamar lb, wanda bai kai rabin kilo ba. Zaren da aka rubuta wa 20 lb yana ɗaukar kimanin kilo 9, mai 30 lb kimanin kilo 14, mai 50 lb kuma kimanin kilo 23. Ya kyautu jami'in da zai sayo kaya ya lura da wannan, domin ana yawan ɗaukar lambar a matsayin kilo.

Zaren nailan, wanda masunta suka daɗe da sani, shi ne mafi arha kuma mafi sauƙin samu. Yana miƙewa kamar roba idan kifi ya fizga, wannan miƙewar kuma tana rage tsinkewa a hannun wanda bai ƙware ba. Yana jure gugar dutse gwargwado. Aibinsa shi ne rana tana cinye shi. Zaren da ya shekara a rataye a rumfar mai saye da sayarwa, ko ya kwana ya wuni a buɗe cikin jirgi, ƙarfinsa ya ragu ko da ido bai gani ba. Idan ya yi fari-fari, ko ya yi kaushi a tsakanin yatsu, a bar shi.

Akwai kuma zaren kitso, wato wanda aka kitsa daga siraran zaruruwa masu yawa. Siriri ne ƙwarai idan aka gwada da ƙarfinsa, saboda haka kwarkwaro yana ɗaukar mai tsawo, kuma da yake ba ya miƙewa, mai fatsa yana jin taɓin kifi nan take ko daga zurfi. Yana da tsada, kaifin dutse yana yanke shi cikin sauƙi, shi ma kuma yana yanka nama. Muna jan kunnen jama'a da kada kowa ya naɗa wannan zare a hannu ko a yatsa yayin da kifi ke ja, ko yayin da ake ƙoƙarin ɓalle ƙugiyar da ta maƙale. A naɗa shi a jikin guntun itace. Iri na uku, wanda ake kira fulorokabon, yana nutsewa kuma ba ya fitowa fili a cikin ruwa, amma tsadarsa ta sa bai dace a cika kwarkwaro da shi ba.

Shawararmu ita ce: domin karfasa, kawara da ƙurungu, nailan mai ɗaukar kilo 3 zuwa 5 ya wadatar. Domin tarwaɗa, ragon ruwa da giwan ruwan da bai wuce kilo 10 ba, a nemi mai kilo 9 zuwa 14. Wanda ya nufi manya sai ya tashi daga kilo 23 zuwa sama, kuma tsawon zaren kada ya gaza mita 200.

Ba a ɗaura ƙugiya kai tsaye a wannan zare idan giwan ruwa ake nema. Haƙoransa ƙanana ne, kamar sandifefa suke, suna goge zare a hankali, sa'annan ƙashin da ke rufe inda yake numfashi yana da kaifi kamar zarto. Idan ya yi tsalle yana kaɗa kai, nan ne zare ke yankewa. Don haka akan ƙara zaren gaba, wato nailan mai kauri kusan milimita 1, tsawon mita ɗaya zuwa biyu, tsakanin babban zare da ƙugiya, a haɗa su da ɗan ƙarfe mai juyawa don kada zare ya murɗe. Inda tsage ya yi yawa, nailan komai kaurinsa ba ya tsira daga haƙoransa, sai a sa guntuwar waya.

Ƙulli yana rage ƙarfin zare, kuma mafi yawan tsinkewa a nan take faruwa. A jiƙa ƙulli da ruwa ko yawu kafin a ja shi, domin zafin gugar yana raunana nailan.

Ruwan da za a shiga

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ya shafe dazuzzuka da gonaki da garuruwa, ciki har da tsohuwar Busa. Kututturan itatuwa da duwatsun da ke ƙarƙashinsa su ne maɓoyar giwan ruwa, kuma can yake nufa da gudu da zarar ya ji ƙugiya. Mai fatsa a ɓangaren Yawuri da Ngaski, ko a kewayen tsibirin Foge, yana bukatar zare mafi kauri fiye da wanda ke fatsa a wuri mai yashi a Gulbin Kabi, ko da kifin da suke nema ɗaya ne. Haka ma wuraren da ciyawar burugu ta yi kauri.

Har ila yau Kogin Kwara yana yin cika biyu a shekara. Cikar damina, daga wajen watan Agusta, ruwanta gurɓatacce ne mai laka, kifi ba ya ganin zare sosai, sai a sa mai kauri ba tare da fargaba ba. Cika ta biyu, wadda ke isowa da hunturu daga can ƙasashen Gini da Mali, ruwanta garau yake, a lokacin ne siririn zaren gaba ko fulorokabon ke da amfani.

Kwarkwaro

Iri biyu ne aka fi gani. Akwai wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, gangarsa ba ta juyawa yayin jifa, zare ne ke warwarowa daga bakinta. Shi ne mai sauƙin koyo, kuma shi muke ba sabon shiga shawarar ya saya. Ɗayan yana zama a bisa sanda, gangarsa na juyawa. Ya fi ƙarfin ja kuma ya fi dacewa da zare mai kauri, amma idan ba a iya tare gangar da babban yatsa ba, zare zai cukuikuye tun a jifan farko. Ƙananan irinsa da aka yi domin bas ba sa ɗaukar zaren da ya isa gudun babban giwan ruwa.

Abin da ya fi kome muhimmanci a jikin kwarkwaro shi ne birkinsa. Aikin birki shi ne ya saki zare a hankali idan jan kifi ya yi yawa, har kifin ya gaji. Da wannan ne zare mai ɗaukar kilo 23 ke iya kawo kifin da ya ninka shi nauyi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ba sai da sikeli ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka mai zaren kilo 14 sai ya cika galan mai lita 4, ya ɗaura a bakin zare, ya ɗaga a hankali, ya yi ta sassauta birki har zare ya fara fita. A kasuwa kuma, mai saye ya ja zaren da hannu ya ji: idan yana fita sumul, birkin lafiya lau ne, idan yana fizga yana tsayawa, zai tsinke zare a ruwa.

Akan rubuta wata lamba kamar 5.2:1 a jikin kwarkwaro. Ma'anarta ita ce yawan naɗin da yake yi idan aka juya mariƙi sau ɗaya. Mai babbar lamba ya fi sauri, mai ƙarama ya fi ƙarfi, kuma ƙarfin ake bukata a nan. Yawan ƙwallayen boris da masu talla ke alfahari da shi ba shi ne ma'aunin inganci ba. Ƙurar hunturu da yashi su ne ke kashe kwarkwaro a yankinmu, don haka a riƙa goge shi, a ɗiga masa mai, a ajiye shi cikin jaka, a kuma sassauta birki bayan an tashi aiki.

Sanda

A kusa da mariƙin sanda akan rubuta tsawonta da ƙarfin zaren da ya dace da ita. A daidaita wannan lamba da zaren da aka riga aka zaɓa. Mai fatsa daga kwale-kwale ya nemi gajeriya mai ƙarfi, mita 1.8 zuwa 2.1, domin doguwa tana ba kifi rinjaye a kansa. Mai tsayawa a bakin gaɓa yana bukatar mita 2.7 zuwa 3 don nisan jifa. Sandar da aka yi da zaren gilashi tana da nauyi amma tana jure wahala. Ta kabon ba ta da nauyi, sai dai ɗan bugu a gefen jirgi yana iya jawo ta karye daga baya, kuma tana ɗaukar lantarki, saboda haka a kwantar da ita da zarar hadari ya taso, a kuma nisanci wayoyin wuta. A ganinmu ta gilashi ce ta fi dacewa da aikin yau da kullum a karkara.

Mai sayen ta gwanjo ya bi zobban da zare ke ratsawa da ɗan auduga. Inda audugar ta maƙale akwai tsaga, tsagar kuma za ta riƙa cin zare.

Lambar ƙugiya tana rikita mutane. Daga 1 zuwa sama, ƙaruwar lamba ƙanƙancewar ƙugiya ce, wato mai lamba 12 ta fi mai lamba 4 ƙanƙanta. Amma waɗanda aka rubuta wa 1/0, 2/0 har zuwa 8/0 da sama, ƙaruwar lamba ƙaruwar girma ce. Giwan ruwa babban baki gare shi, kuma ya fi son koto mai rai kamar 'yar karfasa, musamman da asuba da kuma gab da magariba.

Ga jami'ai da shugabannin masunta

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba, da abubuwa masu fashewa, da lantarki. Fatsa ba ta cikin abubuwan da aka hana, kuma tana da fifiko guda, domin kifin da bai isa ba ana iya mayar da shi da rai. Macen giwan ruwa ba ta fara ƙwai sai ta girma sosai, tana kuma zuba miliyoyi, don haka muna roƙon a riƙa sakin waɗanda ba su kai tsawon kamu ɗaya ba. Baƙon da ya zo fatsa ya fara gabatar da kansa ga Sarkin Ruwa da jami'in kula da harkar su na yankin. Duk wanda zai yi fama da babban kifi daga kwale-kwale ya yi shi a zaune, da rigar ceto a jikinsa, da abokin tafiya mai riƙe da filafili.

Ƙaramar hukumar da ke shirin raba kayan fatsa ga matasa ta fara tambayar masuntan yankin irin kifin da ake samu. Inda karfasa da ƙurungu ne suka fi yawa, gora da nailan da ƙugiyoyi masu kyau sun isa, kuɗin kwarkwaro kuma ya fi amfani a rigunan ceto. Inda za a sayi cikakken kaya, a rubuta ƙarfin zare da kilo a takardar oda, a tabbatar lambar sanda da ta kwarkwaro sun dace da shi, a haɗa da zare na canji, sa'annan a gwada birkin kowane kwarkwaro kafin a sa hannu a karɓa. Ana iya neman ƙarin shawara daga Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja, ko daga sashen kula da harkar su na ma'aikatar da abin ya shafa a Birnin Kebbi.